Gansakukar Malama Kore

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Kore, kuma ba don tana son koren tufafi ba. Duk wanda ya tura ƙofar ɗakin gwaje-gwajenta, can ƙarshen baranda a benen sashen nazarin halittu, abin da zai fara cin karo da shi kwalaben gilashi ne jere a kan katakai, kowace an toshe mata baki da auduga, kowace cike da ruwa kore shar. Gansakuka take nomawa, amma ba irin wadda ke liƙe wa jikin randa tana santsi ba. Tata ƙanana ce ƙwarai, ba a ganin ƙwaya ɗaya sai an ɗiga ruwan a kan gilashi an leƙa ta madubin duba ƙananan halittu. Sai sun hayayyafa sun yi yawa ne ruwan ke canza launi.

Mijinta mai aikin jan wayar lantarki ne, unguwa ta ba shi Injiniya kyauta ba tare da ya taka aji ba. Shi ne ke tsokanarta a gaban baƙi. “Matan mutane alayyafo suke shukawa a bayan gida,” in ji shi, “ni tawa dattin randa take kiwo, kuma wata na ƙarewa a biya ta.” Takan harare shi ta ce ai da albashin dattin randan aka sayi kujerar da yake zaune a kai.

Tana sabuwar ma'aikaciya ta samo abin da ya zama aikin rayuwarta. Ta je gaishe da kakarta, sai ta zagaya bayan gida ta ga wani tsohon tankin siminti da aka daina amfani da shi, itatuwa sun rufe shi ruf, rana ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Amma ruwan ciki kore ne kamar an matse ganye. Abin ya ba ta mamaki. Ta wanke wata kwalbar maganin tari ta kakar, ta ɗebo ruwan, ta naɗe a ɗankwali ta taho da shi.

A lokacin ofis ɗaya suke zama da ƙawarta, wadda kowa ke kira Doguwa. Tun shekarar farko a jami'a suke tare, butar shayinsu ɗaya, kowacce ta san inda ɗayar ke ɓoye sukari. Ruwan tankin nan cike yake da tarkacen halittu iri-iri, dole sai an tsamo wadda ake so an ware ta ita kaɗai. Malama Kore hannunta na rawa in ta ɗauki siririn bututun gilashi, Doguwa kuwa hannunta kamar na mai zaren allura. Ita ce ta zauna watanni tana tsintar ƙwayoyin ɗaya-ɗaya har aka samu kwalba mai tsabta. Ita ce ma ta raɗa mata suna, 'Yar Inuwa.

Sunan ya dace. Kamar yadda Malama Kore ke gaya wa ɗalibanta kowace shekara, haske shi ne abincin gansakuka. In ya yi kaɗan, sai ta zauna ba gaba ba baya. In aka ƙara, sai ta ƙara yawa, a ƙara, ta ƙara, har a kai inda ta ƙoshi, ƙari ba ya yi mata komai. In aka wuce nan kuma hasken ya koma cuta, ya lalata abin da ke sa ta kore, ta yi rawaya, ta yi fari, ta mutu. Kowace iri da inda take ƙoshi. Yawancin waɗanda ake nomawa masu son haske ne sosai, sai an kunna musu fitilu masu cin wuta. 'Yar Inuwa kuwa a hasken da sauran za su rame, nan take yin kauri har cokali ya ɓace a ciki. Kuma da aka gwada bai wa ƙananan 'ya'yan kifi, suka ci suka yi ɓul-ɓul. Wato mai kiwon kifi zai iya noma wa kifinsa abinci a lungun ɗaki, ko da wuta ko ba wuta.

Injiniya da kansa ya haɗa mata katakan. Ya sa wa kowane hawa doguwar fitila guda, irin tsofaffin nan masu ƙyafta ido kafin su kama, ya yanka tsohon gidan sauro ya ninka ya rataya tsakanin fitila da kwalabe don hasken ya yi laushi. A kusurwar da ta fi duhu ya kafa wani ɗan kanta, nan take ajiye kwalba guda mai kauri da take kira uwa. Daga cikinta ake ɗiba a zuba a sabon ruwa, in wani abu ya samu sauran, uwa tana nan.

Ana nan sai Doguwa ta samu aiki a wata cibiyar binciken kifi a ɗaya gefen gari. Ran da take kwashe littattafanta ta ce, “Ƙawata, ɗan zubo min cokali guda na tafi da ita. Can akwai kududdufai, sai na gwada ta a waje.”

Malama Kore ta ci gaba da goge tebur. Ba ta rubuta komai a kan 'Yar Inuwa ba tukuna, ta kuma san Doguwa da saurin alƙalami. Ita rubutun shafi biyu kan ɗauke ta wata guda, Doguwa kuwa kafin shayi ya huce ta gama. 

“Bari na gama rubutun tukuna,” ta ce. “Da ya fita zan kawo miki kwalba guda, ba cokali ba.”

Doguwa ta dube ta, ta yi murmushi, ta ce to Allah ya kai mu.

Rubutun bai fita ba. Haihuwa ta zo, surukarta ta kwanta ciwo shekara da shekaru a ɗakinta, aka ƙara mata azuzuwa, takardun jarrabawa suka riƙa taruwa a kan tebur kamar ba a dubawa. Kullum tana cewa hutu mai zuwa. Doguwa ta sake tambaya sau ɗaya ko biyu, daga nan ta daina.

Wata rana Doguwa ta kawo mata ziyara, suna cikin hira shugaban sashe ya aiko kiranta. Ta bar Doguwa ita kaɗai a ɗakin. Bayan ta raka ta ta dawo, sai ta ga kamar ƙananan kwalaben gwaji da ke hawan ƙasa sun ragu da ɗaya. Ba ta da tabbas, don ɗalibai kan fasa su su ɓoye. Ta dai bar abin a ranta, ya kwana ya tashi yana girma. Da shekara ta zagayo aka yi taron masana, sai ga Doguwa a kan dandamali tana bayani kan wata gansakuka mai jure ƙarancin haske. Malama Kore ba ta ji ƙarshen bayanin ba, kunnuwanta sun toshe. Lokacin shan shayi ta tare ta a gaban mutane.

“Da kin bari na ba ki da hannuna, da ya fi miki mutunci.”

Doguwa ta ajiye kofi a hankali. “Me kike nufi?”

“Kin san abin da nake nufi. Ranar da na bar ki a ɗakina.”

“Ban ɗauki ko ɗigo ba,” in ji Doguwa. “Tawa a bakin gulbi na ɗebo, kuma ba ta kama ƙafar taki ba, ni na sani. Ashe kallon da kike min ke nan.” Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta tsaya ƙarshen taron ba.

Injiniya bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce mata ko da a ce ta ɗauka, ai da hannunta aka tsince abar, kuma kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ya ce ta shirya ya kai ta su sasanta. Ta ce sai dai Doguwa ta fara zuwa. Ita ma Doguwa ba ta zo ba. 'Ya'yansu da suka tashi suna kiran juna 'yan'uwa suka girma kowa ya kama gabansa. Ko da Allah ya yi wa Injiniya rasuwa, Doguwa ta zo ta zauna a cikin mata, ta yi gaisuwa, ta tafi, ba su haɗa ido ba.

Shekaru suka ja. Malama Kore ta ci gaba da canza wa 'Yar Inuwa ruwa, ranar aiki da ranar hutu. Masu kiwon kifi sun zo sun roƙa, wani baƙon farfesa ma ya ce ta aika da ita ma'ajiyar da ake adana irin waɗannan halittu, a riƙe mata da sunanta. Kowa amsarsa ɗaya, sai rubutu ya fita.

Cikin 'ya'yanta, Auta ne ya fi jin haushin ɗakin nan. Tun yana ƙarami yake cewa Mama ta fi son kwalabe da mu, don ran da aka ba shi kyauta a makaranta tana can tana wanke gilashi. Bai taɓa taka ƙafarsa sashen ba. Ya gaji hannun ubansa, ya karanci harkar wutar hasken rana, ya samu aiki a nesa, waya ma sai jefi-jefi. Shi ya sa ran da ya kira ya ce yana tafe, kuma yana son ganin ɗakin gwaje-gwajenta, sai da ta zauna a bakin gado.

Ta shiga gyara kamar mai jiran baƙin kunya. Ta share, ta goge, sannan ta dubi kwalabenta ta ga sun yi kauri sun yi duhu, wasu da guntun datti a gindi. Ta zuba su duka a sabon ruwa, har da uwar, suka koma garai-garai, koren ya yi haske kamar ruwan lemon tsami. Sun yi kyau a ido. Amma ita ta fi kowa sanin cewa gansakuka mai kauri tana yi wa kanta inuwa, na gaba su kare na baya, wadda aka tsinka kuwa ba ta da maɓoya.

Auta ya iso da motar haya cike da kwalaye da ma'aikata biyu. Ashe ya nemi izinin shugaban sashe tun tuni, so yake ya ba ta mamaki. Faranten sola aka hau rufi da su, batura aka jera a lungu, ga kantocin ƙarfe masu walƙiya, ga fitilu na zamani farare tas.

“Mama, kin gama wahala da ɗauke wuta,” in ji shi. “Waɗannan katakan na Baba ai sun isa a kai su gidan tarihi. Kuma wannan gidan sauron fa, me yake yi a nan?”

Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga fuskarsa. Ya naɗe hannun riga, yana riƙe da sukudireba yadda ubansa ke riƙewa, yana dariya da ita yadda rabon da ya yi tun yana firamare. Ta ce ai tsohon abu ne kawai. Aka fitar da katakan baranda, har da ɗan kantan kusurwa, don a nan baturan za su zauna. Da aka kunna fitilun sai da ta runtse ido. Ɗakin ya koma kamar ɗakin tiyata.

Tana da na'urar auna haske a aljihun tebur. Ba ta ɗauko ta ba, don ta san abin da za ta gani. Ta dai ce, “Auta, ba a rage ƙarfinsu?”

“Ana ragewa, akwai ɗan akwatin da ke yin haka, shi ke kashe su ma in dare ya yi. Bai iso ba, sai sati mai zuwa za a kawo. Ki bar su su sha haske, Mama, sun daɗe a duhu. Za ki ga yadda za su ninka.”

Shugaban sashe ya shigo da malamai, aka yi ta yabo, aka ce kowa ya tsaya a ɗauki hoto. Ta ɗauki uwar kwalbar tana neman inda za ta kai ta, Auta ya karɓe ya ɗora a hawan sama, daf da fitila, ya ce wannan babbar ita za ta fi kyau a hoton. Aka fito ana raha, shi ya ja ƙofa ya kulle, ya miƙa mata makulli da hannu biyu. Tana sauka daga bene tana lissafi a ranta. Kwana ɗaya ba zai kashe su ba. Gobe da sassafe, da ta raka shi tasha, za ta dawo ta kashe rabi, ta mayar da gidan sauron, ta sa uwar a ƙarƙashin tebur, shi ma ba sai ya sani ba.

Washegari daga tasha ta wuce kai tsaye. Ta tarar da babbar ƙofar makaranta ɗaure da sarƙa, ma'aikata sun shiga yajin aiki, sun jera benci a gaba suna waƙa. Ta nemi shugaban ƙungiyarsu, wanda ta san shi tun yana ɗan aike.

“Don Allah minti biyar kawai. Fitila zan kashe.”

“Malama, ki yi haƙuri. Yau ko shugaban makaranta ba ya shiga. In na buɗe miki, mai ɓeraye zai zo, mai kaji zai zo, shi ke nan yajin ya karye.”

Ta roƙa, ta yi faɗa, ta koma roƙo. Ta dawo washegari, ta dawo jibi. Ta ce to wani ya hau ya cire waya. Aka ce ba wanda zai taɓa kayan makaranta a ce ƙungiya ta yi ɓarna. A duk shekarun da ta yi a ginin nan ba a taɓa yin yini guda ba a ɗauke wuta ba, yanzu kuwa an yanke ta gaba ɗaya, amma aikin Auta ba ruwansa da wannan. In magariba ta yi takan tsaya a bakin titi ta bayan katanga. Duk makarantar duhu, sai taga guda a bene tana ƙyalli fari fat.

Sai da aka haura mako biyu kafin a cire sarƙar. Tun a baranda ta ji warin. Ɗakin ya ɗauki zafi, kwalaben sun koma kamar ruwan wankin shinkafa, wani farin gari ya kwanta a gindinsu. Uwar da ke sama ta fi kowacce fari. Ta kashe fitilun, ta zauna a kujera, ba ta yi kuka ba. Garin neman ƙiba an samo rama, ta faɗa a fili, ba kowa a ɗakin.

Ba ta haƙura nan take ba. Ta ɗebi ɗigo daga kowace kwalba ta zuba a sabon ruwa, ta jera a ƙarƙashin tebur, ta rufa da gidan sauron da ta tsinto a shara. Wata guda tana leƙawa a madubi har idanunta suka yi ja, ko ƙwaya ɗaya kore ba ta gani ba. Ta hau mota ta tafi gidan kakarta, wanda magada suka sayar tun da daɗewa. Ta tarar da garejin gyaran motoci, an sare itatuwan, inda tankin yake wata babbar mota ce a kan duwatsu, baƙin mai ya jiƙe ƙasa.

A hanyar dawowa ne tunanin ya zo mata, kuma ta ji kunyarsa tun kafin ya gama zuwa. Idan fa da gaske Doguwa ta ɗauka? In ta ɗauka, to 'Yar Inuwa na nan da rai a wani wuri.

Ta nemi kwatancen gidan. Doguwa ta yi ritaya, ta rame, tana sanye da tabarau mai kauri, tana zaune a falo da ƙafa ɗaya a kan matashi. Ta gane muryar tun daga sallama. Suka gaisa, suka tambayi yara, aka kawo ruwa. Malama Kore ta ba da labarin tun daga farko, ba ta rage komai ba. Doguwa ta dafe ƙirji ta yi salati, idanunta suka kawo ruwa.

“'Yar Inuwa? Duka? Har uwar?”

“Har uwar.” Ta juya kofin ruwa a hannunta. “Shi ne na ce bari na zo. Wallahi ba da faɗa na zo ba. In akwai wani abu da ya rage a wajenki, ko a cibiyarku, ba zan ce komai ba. Godiya ma zan yi.”

Doguwa ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. 

“Na ɗauka gaishe ni kika zo yi,” ta ce. “Ashe har yau ɓarauniya ce ni a wajenki.”

“Ba haka ba ne, ƙawata.”

“Haka ne mana. Ban ɗauka ba. Na faɗa miki a gaban mutane, yau ma ga shi na faɗa miki mu biyu. Ran nan da kika bar ni, na tsaya na dubi kwalaben, na ga jakata a buɗe, na rufe jakar. Yau da na ji wannan labari na so a ce na ɗauka ɗin.”

A nan ne Malama Kore ta yi kukan da ba ta yi a ɗakin gwaji ba. Ta nemi gafara, Doguwa ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta rako ta har bakin ƙofa tana dogara sanda, ta ce ta riƙa zuwa. Malama Kore ta koma kuwa, amma hirar ba ta wuce ciwon gwiwa da jikoki, da an yi shiru kowacce sai ta dubi talabijin. Ba a jima ba 'yar Doguwa ta zo ta ɗauke ta zuwa garin da take aure.

Rubutun da ya gagara shekara da shekaru, a 'yan watanni ta kammala shi, tunda yanzu ba kwalbar da za ta wanke. Ta aika wa mujallar masana. Suka amsa cikin ladabi cewa aikin na da ban sha'awa, amma a ina aka adana halittar, don wasu su gwada su tabbatar? Ba inda aka adana ta, maganar ta tsaya nan.

Ɗan akwatin rage haske ya iso, aka ɗaura shi. Sashe ya samo irin gansakukar da kowa ke nomawa, mai son haske, ta kuwa ji daɗin fitilun Auta, ɗalibai suka yi ta kammala bincike da ita. Har yau in baƙi suka zo, ɗakin ake fara kai su. Auta yakan kira duk ƙarshen mako yanzu, kuma bai taɓa mantawa da tambaya ba.

“Mama, ya fitilun?”

“Suna aiki, Auta. Allah ya yi maka albarka.”

Yayyensa sun san abin da ya faru, ta hana su faɗa masa. Da lokacin ritayarta ya yi, ta miƙa wa wani matashin malami makulli, ta nuna masa inda ake ajiye auduga da inda famfo ke yoyo, ta ce masa duk abin da ya noma a ɗakin nan, ya zuba kaɗan ya kai wa wani ya ajiye masa. Ya ce to Malama, yana duba wayarsa. Ta ɗauki jakarta ta sauka a hankali, tana riƙe da ƙarfen bene saboda gwiwa.